Kayan da Baba Ya Ɗauko daga Bama

Bana shekara goma ke nan da muka rasa mahaifinmu, Malam Hashimu na Kwandiko, wanda duk ƙasar Gwaram aka fi sani da Na-Bama. Ni ce babbar 'yarsa, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu. Da na so in bar ranar ta wuce kamar yadda muka saba, a dafa abinci a raba wa maƙwabta, a yi masa addu'a, kowa ya kama gabansa. Wata hira da na ji a mota ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ranar kasuwar Gwaram ce, na shiga bas zan je gaida Inna, mahaifiyarmu. Muna fita tasha muka wuce wani tsohon soja cikin kakinsa da ya koɗe, yana gadin wani sabon gini. Shi ya jawo hirar yaƙin Bama, wanda aka yi da Japanawa zamanin Turawa. Wani dattijo a kujerar gabana ya ce ai sojan yanzu wasa yake yi. A da, in ji shi, an yi wani Na-Bama a Kwandiko, in ana ruwan harsashi sai ya buɗe riga ya tare, in ƙura ta lafa ya kakkaɓe su ƙasa kamar gyaɗa. Wani saurayi ɗan makaranta ya yi dariya ya ce duk tatsuniya ce. Bayin Allah ne aka ɗaure da igiya aka kai su dole, amma da suka ga Bature na mutuwa kamar kowa sai idonsu ya buɗe, suka dawo suka kore shi, shi ya sa muka sami mulkin kai. Suka yi ta musu har muka shiga gari. Dukansu biyun ubana suke nufi, kuma ban gane shi a bakin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ina goye aka tafi da Baba. Sanin da na fara yi masa shi ne na wani dogon mutum da ya shigo gidanmu da akwatin ƙarfe, Inna na kuka, ni kuma ina ɓuya a bayanta. Ba mai yawan magana ba ne. Gashin tsakar kansa ya zube, fatar wurin ta yi kanta kamar wuyan san noma. Wuyansa ya ƙage, in ka kira shi daga baya sai ya juyo da jikinsa duka. Mutanen gari suka ce wurin da harsashi ya riƙa duka yana zamewa ke nan. Mu ma 'ya'yansa haka muka tashi muna faɗa, muna taƙama da shi a dandali. In labarin ya zo kunnensa ba ya cewa i, ba ya cewa a'a. Sai ya saɓa fartanya ya nufi gona.

Shirun nan yana da dalili, amma sai da na girma na san shi. Baba ba shi kaɗai ya bar Kwandiko ba. Tare suka tafi da amininsa Ado, ɗa ɗaya tilo wurin wata tsohuwa da muke kira Gwaggo Larai. Baba ya dawo, Ado bai dawo ba. Kafin ma Baba ya iso gida, wani soja na wani ƙauye da ya riga shi zuwa ya baza labarin cewa Ado yana da layar zana, Japanawa suka kewaye shi ya ɓace musu, yana can ya yi aure har ya zama mai unguwa. Da Baba ya je gaishe ta, ta riƙe hannunsa ta ce, "Hashimu, lafiya ka baro shi?" Ya dubi ƙasa ya ce, "A hannun Allah na baro shi, Gwaggo." Ta ɗauki maganar yadda zuciyarta take so. Tun daga nan duk shekara take sa a sabunta rufin ɗakin Ado kafin damina, kullum kuma da ragon da take kiwo domin ranar dawowarsa. In ya tsufa ta sayar ta sayi ƙarami.

To, labarin Ado da na Baba igiya ɗaya ce ta ɗaure su. In Baba ya ce shi ba ya tare harsashi da riga, za a tambaye shi layar Ado fa. Sai ya bar su duka biyun suka yi ta girma kamar ciyawar da ba a nome ba, fiye da shekara ashirin.

Yaƙin basasa ne ya buɗe masa baki. Shekarar da aka fara shi na zo gida hutun makaranta da yarana. Rediyo ba ta da aiki sai waƙoƙin zuga, motocin soja na yawo kasuwa kasuwa suna ɗibar samari. Sai ga samari sun fara sallama a ƙofar gidanmu, wani da kaza, wani da goro, kowa na neman Na-Bama ya ba shi maganin bindiga kafin ya tafi. Baba ya riƙa mayar musu da kayansu yana cewa ba shi da komai. Suka ce rowa ce, ɗansa yake ɓoye wa. Ɗan nasa kuwa shi ne ƙanena Habu, saurayi mai ƙarfi da fara'a, wanda duk rayuwarsa abin da yake ji shi ne shi jinin Na-Bama ne, ƙarfe ba ya cinsa. Wata safiya ya durƙusa gaban Baba ya ce ya ba da sunansa, mota za ta zo ranar kasuwa.

Baba bai yi masa faɗa ba. Ya sa hularsa, ya ce in bi shi. Gidan Gwaggo Larai muka je. Muka same ta a inuwar rumbu tana ɓare gyaɗa, ragon na ɗaure kusa da ita. Bayan gaisuwa ya ce, "Gwaggo, akwai maganar da zan faɗa wa yaran gari yau, kuma ke ya kamata ki fara ji. Ado ya rasu tun muna can. Ba harbinsa aka yi ba, atini ne da zazzaɓi. A cinyata ya cika, ni na yi masa sutura."

Ta daɗe tana kallon gyaɗar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Yau ka kashe mini shi, Hashimu. Tashi ka fita."

Ya tashi ya fita. A hanya na ga yana tafiya kamar mai ɗauke da buhu.

Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya aika aka kira samarin, har da Habu. Ni da Inna muna bayan ƙofar zaure. Ya cire hula ya sunkuyo musu da kansa, ya ce, "Ku duba da kyau. Wannan ba aikin harsashi ba ne, aikin gammo ne. Ni dako na yi a Bama. Ban taɓa harbin kowa ba, adda ce makamina, ita ma gora nake sara da ita."

Ranar na fara jin labarin daga bakin mai shi. Ya ce ƙasar duwatsu ce da kurmi, mota ba ta shiga, wani wurin ko alfadari ba ya iya hawa, sai aka kafa runduna guda ta masu ɗaukar kaya a ka. Su suke ɗaukar harsashi da shinkafa da akwatin magani, in an harbi mutum su ɗauko shi. Jirgin sama kan jefo musu abinci, wani lokaci ya faɗa ƙasan kwazazzabo suna kallo. Ruwa kan yi kwana da kwanaki bai ɗauke ba, matsattsaku su shiga har cikin wando. Ya ce layu kam ya ɗaura, kowa ma ya ɗaura, na Ado sun fi nasa yawa. Ya ga mai laya ya tsira, ya ga mai laya ya faɗi, ya ga wanda ba shi da ko ɗaya ya dawo ba ƙwarzane. Ya ce akwai jarumai na gaske cikin masu bindiga, 'yan ƙasarmu, ya ga sun tsaya inda shi ba zai iya tsayawa ba, kuma da yawansu suna can ƙarƙashin ƙasa. "Wanda zai tafi don yana ganin ya wajaba a kansa," in ji shi, "ban hana shi ba. Amma kada wanda ya tafi da sunan akwai wani abu a jinina ko a aljihuna. Babu."

Na so in ce maganar ta shiga. Ba ta shiga ba. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Wasu suka ce sharaɗin asirin ke nan, dole mai shi ya musanta. Wani ma cewa ya yi ashe ɗan dako muke ta girmamawa. Habu ya shigo gida idonsa jawur, ya ce da Inna Baba ya kunyata shi a gaban tsararsa don kawai ya hana shi tafiya. Ranar kasuwa ya hau motar. Baba ya raka shi har bakin hanya, ya ba shi bargonsa, ya ce ya kula da ƙafafunsa kada ya bar su a jiƙe, kada kuma ya sha ruwan da bai tafasa ba. Iyakar asirin da yake da shi ke nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Gwaggo Larai ta daina amsa gaisuwar Baba. Ana nan, bayan an yi girbi, sai ga ta da sandarta har tsakar gidanmu. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Tambaya ɗaya na zo yi. Ka fuskantar da shi gabas?"

Baba ya ce, "Gwaggo, can alƙibla wajen faɗuwar rana take. Akwai Musulmi a wani ƙauye kusa da inda muka sauka, su suka nuna mini, limaminsu ya yi masa salla tare da mu. Can na fuskantar da shi. Kuma nan ne wajen gida."

Ta gyaɗa kai, ta juya ta tafi. Kashegari ta sa aka yanka ragon aka raba sadaka. Ba ta ƙara sa an taɓa rufin ɗakin ba, damina ta rushe shi, ita ma ba ta daɗe ba ta bi ɗanta. Har yau akwai masu cewa gaskiyar Baba ce ta kashe ta. Na sha juya maganar a raina, ban kuma sami amsar da ta kwantar mini da hankali ba. Abin da na sani shi ne ta mutu tana yi wa ɗanta addu'ar da ake yi wa mamaci, wadda ya yi shekaru bai samu daga bakinta ba.

Yaƙi ya ƙare, samari suka fara dawowa, wasu da rediyo a kafaɗa, wasu da sanda a hammata. Habu bai dawo ba. Nan da nan gari ya shiga aikin da ya saba. Wani ya ce an gan shi yana tuƙa babbar mota a kudu. Wata ta ce ya auri 'yar can, kunyar dawowa yake ji. Aka ce ai ɗan Na-Bama ba ya mutuwa a yaƙi. Na ga Inna ta fara karkata kunne, na ga ta fara ajiye masa kaso in an yi rabon nama. Baba ma ya gani. Ya sayar da akuyoyinsa ya shiga mota, ya yi ta yawo daga bariki zuwa asibitin sojoji, Kano da gaba da Kano, da wuyan nan nasa da ba ya juyuwa, yana tambayar wanda ya san Habu Hashimu na Kwandiko. Ya daɗe kafin ya sami wani mai ƙafa ɗaya da suke rukuni ɗaya. Mutumin ya ce suna tsallake wani babban kogi a jirgin ruwa aka buɗe musu wuta, yana kusa da Habu lokacin da aka same shi a ƙirji, ya kuma ga ruwa ya tafi da shi. Baba bai tsaya nan ba, sai da ya nemo mutum na biyu da ke cikin jirgin ruwan, ya ji bakinsu ya zo ɗaya.

Da hantsi ya iso gida, Inna na sheƙar gero. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Ajiye ƙwaryar nan, Hajara. Habu ya riga mu gidan gaskiya. Na ji daga bakin waɗanda suka gani." Ta ce, "Ko dai kama ce? Mutane da yawa ne a wurin." Ya ce, "Na so a ce kama ce. Ba zan bar ki ki yi kiwon rago ba." Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane. Aka yi wa Habu salla ba gawa, aka karɓi gaisuwa, aka yi sadaka. Baba bai ƙara cikakkiyar lafiya ba daga wannan tafiya. Bayan 'yan shekaru, da kaka, ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Yanzu nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Kuɗin mai sun shigo, an shimfiɗa kwalta, samari na ta sheƙa gudu a babur, gida gida da rediyo. A silima ana nuna yaƙi, jarumi ya kashe tuli bai ko zubar da hularsa ba, yara su fito suna harbin juna da kara. Ranar 'yan mazan jiya a jera tsofaffi a rana da lambobinsu a ƙirji, a yi musu jawabi, kashegari su koma gadin gidajen waɗanda suka yi jawabin. Ina jin zai kalli wannan duka, sannan ya tambaya ko an ba tsofaffin nan ruwa.

Amma musun cikin bas ɗin nan na san ba zai bar shi ya wuce ba. Dattijon, hula kawai zai cire masa. Da saurayin kuwa zai zauna, don a maganarsa akwai gaskiya. Baba da kansa ya ce akwai waɗanda dagatai suka miƙa ba da son ransu ba, ya ga masu kuka a jirgin ƙasa tun kafin a kai Ikko. Shi dai da ƙafarsa ya je, shi da Ado, shekarar da hatsi bai yi ba ga haraji a wuya, ga kuma kaki da takalmi suna ɗaukar idon saurayi. Ya ga Bature yana kuka yana kiran uwarsa, ya ga Baturen da ya sa aka yi wa mutum bulala kan abin da bai kai ya kawo ba, ya ga wanda ya ba mara lafiya ruwan gorarsa. Na taɓa tambayarsa ko wannan ne ya sa aka kori Turawa. Ya ce, "Wataƙila a birni akwai waɗanda suka dawo suka shiga siyasa, Allah Ya saka musu. Ni da na dawo aikin da aka yi mana alkawari na nema, ban samu ba, na koma gona. Kada ki sa ni cikin abin da ban yi ba, ko da mai kyau ne." Masu ilmi da ke bincike suna da hujjojinsu, sun ga abin da mutum ɗaya a ƙarƙashin kaya ba zai gani ba, kuma Baba bai taɓa cewa abin da ya gani shi ne duka yaƙin ba. Roƙona gare su da masu hirar tasha ɗaya ne. Tsofaffin nan suna ƙarewa. A je a zauna da su, a tambaye su, a kuma bar su su faɗi abin da ba shi muke son ji ba. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, kuma labari in ba mai tsare shi, kowa da gishirin da yake zuba masa.

Na kan auna abin da ya rage na Baba, sai in ga kamar ƙarya ce ta yi nasara. Na-Bama mai kakkaɓe harsashi yana nan da ransa, yana shiga mota yana fita, yana ƙara ƙiba kowace shekara. Malam Hashimu ɗan dako kuwa mu kaɗan muka san shi. Gaskiyarsa ta jawo masa fushin tsohuwar da yake ƙauna, ta rage masa girma a gari, ba ta kuma tsare masa ɗansa ba.

Haka nake tunani har ranar da muka yi sadakar bana. Bayan an watse, wani magidanci ya yi sallama ya ce yana son ganin Inna. Sunansa Bala, manomi ne daga Unguwar Ya, ya zo da ƙaramar 'yarsa a bayan keke da ɗaurin rake. Ba mu san shi ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ina cikin waɗanda suka zauna a tabarmar nan ranar da Malam ya cire hula. Ni kaza na kawo. Ba kishin komai ya kawo ni ba, so nake a ce ni ma ƙarfe ba ya cina. Da na ga kan nan nasa sai jikina ya yi sanyi, na koma gida. An yi mini dariya, har waƙa 'yan mata suka yi mini. Ban taɓa zuwa na yi masa godiya ba, kunya ta hana ni, har na ji ya rasu."

Inna ta dubi yarinyar, ta miƙa hannu ta jawo ta jikinta, ta tambaye ta sunanta da ko tana zuwa makaranta. Ta tashi ta ɗebo mata ƙosai a leda. Da za su tafi ta raka su har zaure, abin da ba ta yi wa baƙo, ta tsaya tana kallon keken har ya sha kwana. Ta dawo ta zauna. Can ta ce da ni, "Ashe an ji shi."

Allah Ya jiƙan Malam Hashimu, Ya jiƙan Habu da Ado da Gwaggo Larai, da duk waɗanda suka kwanta a ƙasar da ba su san sunanta ba kafin su taka ta. Allah Ya sauke musu kaya.